Ƙarfen da aka yi da gari: inda ake gyara masa awo da inda ba a taɓa shi

Wata Asabar, ana dab da kiran la'asar, wani yaro makanike ya shigo mini shago da kwanrod guda huɗu, wato sandar da ke haɗa fistan da karanshaf a injin mota, a naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Baba, oga ya ce a ɗan rage musu hula a mayar da ramin sitanda, ɗaya ya juya metal." Hula ita ce ɓarin da ke rufe babban ramin kwanrod, metal kuwa shi ne siririn ɓawon ƙarfen da ake shimfiɗawa a cikin ramin, inda karanshaf ke juyawa. Na kwance notin guda ɗaya, na raba hular da jikin, na fita da su bakin ƙofa wurin haske. Fuskar da suke haɗuwa ba gogaggiya ba ce, ƙurji-ƙurji ce da ita, kamar an karya ƙuli-ƙuli gida biyu. Yaron ya ce shi ma ya lura, har ya so ya bi ta da magagari don ta yi sumul, ogansa ya ce ya bari tukun a kawo mini. Na ce masa idan ya koma ya yi wa ogansa godiya, domin da magagarin nan ya hau fuskar, da kwanrod ɗin ya zama na 'yan gwangwan.

Na haura shekara talatin ina sassaƙar ƙarfe a Kano, kuma tambayar nan tana dawo mini ta fuskoki daban-daban: kayan da aka yi da garin ƙarfe, irin su kwanrod ɗin nan, ana iya sake musu awo bayan sun fito daga masana'anta? Ana iyawa. Amma abin da ake iya ragewa ko ƙarawa ɗan kaɗan ne, sau da yawa bai kai kaurin silin gashi ba, kuma hanyar da ke gyara wani ita ce ke kashe wani. Saboda haka kafin ka kunna inji, sai ka san abin da ke hannunka.

Yadda ake yin su ba narkawa ake a zuba ba. Ana kawo garin ƙarfe mai laushi kamar fulawa, a gauraya shi da ɗan garin jan ƙarfe ko baƙin nan irin na cikin fensir, a zuba a mazubi, a danne da nauyin da ya kai tan huɗu zuwa shida a kan kowane murabba'in santimita. Abin da ya fito yana da siffarsa amma ba ƙwari, da hannu ma kana iya gutsure gefensa. Sai a shigar da shi tanderu a gasa. Baƙin ƙarfe yana narkewa ne a digiri 1538, amma gashin nan a wajen digiri 1120 ake yin sa, tagulla kuwa a wajen 800. Ƙwayoyin garin ba su narke ba, sai dai su kama juna su manne, tsakaninsu kuma a bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Duk wanda ya san randar ƙasa ya san abin da nake nufi: a ido jikinta a toshe yake, amma ruwa na tsatstsafowa.

Su kansu masu yin kayan suna gyara musu awo bayan gashi, domin wuta takan sa abu ya ɗan tsuke ko ya ɗan karkace. Sai su mayar da shi wani mazubin na biyu su sake dannewa, ƙofofin nan su ɗan matse, abin ya koma daidai. Wannan ita ce hanyar asali, dannewa, ba yanka ba. Sharaɗinta biyu ne: ƙarfen bai riga ya sha horon wuta ya taurare ba, kuma gyaran bai wuce ɗan abin da ake ƙirgawa da kashi ɗari na milimita ba. Mu a shago ba mu da irin wannan mazubi, amma dabarar tana yi mana aiki a wuri ɗaya, wato bushin, ɗan zoben da sanda ke juyawa a cikinsa.

Yaya ake gane kayan garin ƙarfe? Idan giya ce ko wani ƙarfe mai siffa, duba samansa da ƙasansa za ka ga sun yi shafe ɗaya, launin toka-toka marar sheƙi, babu zanen haƙorin inji a jiki, gefunan kuma da ɗan dakali siriri inda mazubi ya tsaya. A hannu ya fi ɗan'uwansa na ƙarfe zalla sauƙi: ƙarfe zalla yana da giram 7.85 a kowane kubik santimita, na gari yawanci tsakanin 6.4 da 7.2. Idan ka ƙwanƙwasa shi ba ya yin ƙara mai tsawo, sai wani sauti a dakushe. In bushin tagulla ne, ɗan ɗumama shi kaɗan, za ka ga mai yana fitowa a jikinsa kamar gumi.

Bushin mai shan mai

Wannan shi ne wanda ya fi yawa a hannun mutanenmu. Yana cikin fanka, da kik ɗin mota, da motar waifa, da injin markaɗe na kicin, da tsakiyar karanshaf inda sandar giya ke shiga. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fito da shi a 1930 da sunan Oilite. Haɗinsa kashi 90 jan ƙarfe, kashi 10 kuza, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jikinsa mai ne zaune a cikin ƙofofin. Idan sanda ta fara juyawa wurin ya ɗumama, man ya fito ya shafe ta. Idan ta tsaya ya huce, ya koma ciki. Duk amfanin bushin yana cikin bakin ƙofofin nan da ke fuskar ramin. Wanda ya toshe su ya mayar da shi guntun tagulla busasshe.

Ga inda ake yawan yin kuskure. Mutum ya sayo sabon bushin, ya gwada shi a sanda ya ga yana juyawa lafiya, ya buga shi cikin gidansa, sai sanda ta ƙi shiga. Ba bushin ne da laifi ba. Da ma an yi shi ya ɗan fi gidansa girma don ya kama, kuma da yake jikinsa mai ƙofofi ne, matsin da ya sha daga waje yakan tsuke ramin ciki. Nan ne hannu ke zuwa ga samfefa, a naɗa ta a jikin ƙusa a yi ta gurzawa. Kada ka yi. Yashin samfefa yana shigewa ƙofofin ya zauna, ba fetur ɗin da zai fitar da shi, kuma daga ranar bushin ya zama dutsen wasa yana cin sandar. Na ga fankoki da yawa da aka kawo da sanda ta yi zobe-zobe, ka tambaya a ce ai wata uku kenan da sa sabon bushin. Haka ma dutsen gogewa da man niƙa bawul, duk abin da ke da yashi a jikinsa ba ya kusantar wannan tagulla.

Abin da nake yi shi ne in sassaƙa turken sakawa. Guntun ƙarfe ne mai kafaɗa, bakinsa ya fi sandar da za ta yi aiki a wurin da kamar 0.01 zuwa 0.02 na milimita, a goge shi ya yi sumul kamar madubi. Idan sandar fanka ce mai milimita 8, turken ya zama 8.02. Sai in shafa masa mai, in zura bushin a kansa har ya jingina da kafaɗar, in danna su tare cikin gidan a hankali da matsi, ba da guduma ba. Yayin da gidan ke matse bushin daga waje, turken yana tare shi daga ciki, sai ramin ya ɗauki awon turken. In murɗa in zare, an gama. Wannan shi ne dannewar masana'anta a ƙaramin sikeli, kuma bai toshe komai ba.

Idan an riga an saka bushin kuma ya tsuke, akwai mafita. Nemo ƙwallon boris mai awon da kake so daidai, ka auna shi da maikuromita tukun, ka shafa mai, ka tura shi ta cikin ramin da matsi ya fita ta baya. Sau ɗaya ko biyu ya isa. Ni ba na buɗa rami ta wannan hanya fiye da 0.03, domin daga nan fuskar takan fara lailayewa ta rufe bakin ƙofofin.

In kuwa abin da za a cire ya fi haka, misali bushin milimita 10 kake da shi kana son 10.5, sai injin sassaƙa. Ana yankawa, amma da sharaɗi ɗaya da ba na sassauci a kansa: bakin yankan ya zama mai kaifi kamar aska, sabon wasawa. Baki mai kaifi yana yanke ƙwayoyin ya bar ƙofofin a buɗe. Dakusasshe yana shafe tagullar a kansu kamar yadda magini ke yaɓe bango. Yankan ƙarshe ya zama siriri, kada ya wuce 0.1, tafiyar bakin kuma a hankali. Kada ka zuba ruwan sanyaya nan fari, zai shige ciki ya kori man. A bushe nake yankawa. Kama bushin a inji ma sai da lura, domin haƙoran kamu suna iya lotsa shi ya koma mai kusurwa uku. Gara ka sa shi cikin zobe ka kama zoben. Rima kuwa, wato ƙarfen da ake zurawa ya share rami zuwa awo, ba na son ta a nan sai in sabuwa ce fil, tsohuwa shafewa take yi.

Bayan yanka, zafi ya riga ya fitar da wani kaso na man, dole a mayar. Zuba sabon mai mai lamba 30 a gwangwani mai tsabta, ka jefa bushin, ka ɗora a wuta kaɗan har ya kai wajen digiri 80, wato ya yi zafi sosai amma bai fara hayaƙi ba. Za ka ga ƙananan kumfa na tashi daga jikinsa, iska ce ke fita. Bar shi awoyi, ka sauke, ka bar shi ya kwana a cikin man, domin a lokacin hucewa ne yake zuƙa. Gwajin da tsofaffinmu suka koya mana har yau yana aiki: ɗora bushin a kan babban yatsa, cika ramin da mai, rufe da ɗaya yatsan ka matsa. Idan mai ya tsatstsafo ta bayan jikinsa, ƙofofin a buɗe suke. Idan bai fito ba, ka shafe su, sai ka sake yanka da baki mai kaifi. Kada ka sa masa giris, kuma kada ka ajiye shi a kan takarda ko kwali ko tsumma, suna tsotse man. Leda ko gwangwani ne wurinsa.

Bushin da ya riga ya cinye ya yi faɗi fa? Na san masu gyaran fanka kan ɗan doddoke shi don ramin ya tsuke. Fankar za ta yi shiru kwana biyu, amma ramin ba ya komawa da'ira, sanda tana hawa kan wurare biyu ko uku ne kawai. Kuɗin sabo bai kai wahalar sake kwancewa ba.

Giyoyin famfon mai da na taimin, waɗanda su ma yawancinsu a motocin yanzu na gari ne, maganarsu gajeriya ce. Da yawansu an taurara su, ba sa dannuwa, in ka matsa musu tsagewa suke yi, ba lanƙwasa ba. Ana iya rage musu kauri da injin wasa mai shimfiɗa, a hankali, a wanke sosai. Haƙoran kuwa ba a taɓawa. Walda ma ba ta karɓar su: man da ke cikin ƙofofin yana tafasa, waldar ta fito da huji-huji, gefenta ya tsage. Giyar famfon mai da ta cinye, canza ta.

Kwanrod mai karyayyar hula

Nan ne aka fi yin asara, shi ya sa zan daɗe a kai. Kwanrod na gari ya bambanta da bushin. Bayan an gasa shi, ana sake ɗumama shi a buga shi da ƙarfi a mazubi har ƙofofin su rufe kusan gaba ɗaya, ya kusa kai nauyin ƙarfe zalla. Guda ɗaya ake yin sa, babu hula daban. Sai a yi ɗan tsagi a gefe biyu na babban ramin, a sa abin buɗawa a ciki a karya shi da gangan. Karyewar nan ita ce makullinsa. Kowane tudu a fuskar hula yana da kwarinsa a fuskar jiki, in aka haɗa su suna komawa mazauninsu daidai, har layin ya kusa ɓacewa. Kamar fasasshen kasko ne, ɓarin ba ya zama sai a inda ya fita. Ford ta yi amfani da irinsa a injinta V8 mai lita 4.6 tun 1991, General Motors kuma a injinan LS tun 1997, yanzu kuwa ya bazu har ƙananan motoci. Wasu motocin Turai suna da karyayyar hula alhali ƙarfensu ba na gari ba ne, amma hukuncinsu ɗaya.

A tsohon kwanrod mai gogaggiyar fuska, aikin da muka saba shi ne a rage fuskar hula da ta jiki da ɗan kaɗan, a ɗaure, ramin ya tsuke, sannan a goge shi da duwatsu ya dawo sitanda. A karyayye wannan hanya a rufe take. Ranar da ka share tudun nan, hular ba ta da abin da zai riƙe ta a wuri ɗaya, domin ba a yi mata fegi ko wani mazauni dabam ba. Za ta riƙa motsi a ƙarƙashin noti, metal ya sake juyawa, wani lokacin ma kwanrod ya fasa bulok ya fito.

Tun daga kwancewa ake kiyaye shi. Yi wa kowace hula da jikinta alama a gefe ɗaya da alƙalami ko fenti, ba da buga lamba da guduma ba. Kada ka musanya huluna, kada ka juya hula baya, ko da na gwaji ne, domin in ka ɗaure ta a juye sau ɗaya ka murƙushe tudun, ba ta ƙara zama. Kada fuskar ta taɓa ƙasa ko benci, kada buroshin waya ya hau ta. Wanke ta da fetur ko kananzir da buroshi mai laushi, ka hure da iska. Ɗan ɓurɓushin da ya maƙale a tsakani ya isa ya karkatar da ramin. Da zarar an fitar da fistan, mayar da hular a kan jikinta ka ɗan ɗaure da hannu.

Sannan awo. Ɗaure notin da sifana mai auna ƙarfi daidai yadda littafin injin ya ce, babu metal a ciki, ka auna ramin da ma'auni mai agogo a wurare uku: tsaye, da kuma karkace ta hagu da ta dama, ka ɗan nisanci layin karyewar. A shagona, in bambancin bai wuce 0.02 ba kuma awon yana cikin na littafi, kwanrod ɗin yana komawa yadda yake. In ya wuce, duba launinsa. Wanda ya yi shuɗi ko baƙi saboda zafin juyawar metal, ba na gyara shi ko nawa za a biya. Wanda ya lanƙwashe ma ba na miƙe shi.

In launinsa lafiya kuma karkacewar kaɗan ce, hanya ɗaya ta rage: a buɗa ramin maimakon a tsuke shi. Ana goge shi da duwatsu ya ƙaru da 0.05 na milimita, wato inci 0.002, ya dawo da'ira, sannan a sa metal wanda bayansa ya fi na sitanda kauri da daidai wannan adadin. A nan nake roƙon makanikai su saurara da kyau. Metal mai lamba 010 ko 020 da muka sani, na karanshaf ɗin da aka yanka ne, ƙarin kaurinsa ta ciki yake, bayansa sitanda ne. Ba shi ake nufi ba. Wanda ake buƙata mai ƙarin girma ta waje ne, kuma wasu injina kaɗai ake yi wa. In ka sa na sitanda a ramin da aka buɗa, ba zai kamu ba, domin metal matsi ne ke riƙe shi, ba ɗan kunnen nan da ke gefensa ba. Saboda haka sai metal ɗin yana hannunka, ka gan shi ka auna shi, kafin dutse ya taɓa ramin. Na taɓa karɓar kwanrod takwas da aka riga aka buɗa a wani wuri, mai motar ya yi wata biyu yana neman metal ɗinsu bai samu ba, ƙarshe sai wasu ya saya. Abin ya dame ni ƙwarai, domin shida daga cikinsu da ma ba abin da ya same su.

Notin ma abin lura ne. A yawancin injinan nan irin wanda ake ɗaurewa har ya ɗan miƙe ne, a ƙara masa kwana bayan an kai ƙarfin farko. In littafi ya ce a canza, a canza. Yi awonka da tsofaffin, ka ajiye sababbin sai ranar haɗawa. A ranar, fuskar karyewar ta zama a bushe kuma tsaf, ka zaunar da hular da hannu har ka ji ta faɗa mazauninta, ka shafa farce a kan layin. In farce ya kama, kwance ka duba, kada ka ce noti zai jawo ta.

Kwanrod huɗun da yaron ya kawo, uku sun auna lafiya, na wanke su na haɗa kowanne da hularsa na naɗe a leda. Na huɗun ya karkace da 0.04 kuma gindinsa ya yi shuɗi. Na ce masa, "Ɗana, ka gaya wa oga wannan ya gama aiki. Ku je Ƙofar Ruwa ku nemo na Beljiyam, amma wanda hularsa ke ɗaure a jikinsa, ba wanda za a tsinto masa hula a cikin tari ba." Ranar Litinin ya dawo da guda biyu. Na ɗora su a sikeli tare da sauran ukun, na zaɓi wanda nauyinsa ya fi kusa da nasu, na ɗaure shi na auna, ramin ya fito da bambancin 0.01. Shi suka tafi da shi, ɗayan kuma ya mayar wa mai shago.